Haƙoran Ummi da Ba Za Su Fito Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya bar mini 'yata da rai bayan na yi sakacin da ya isa in rasa ta. Sunana Isuhu. Manomi ne ni a wani ƙauye a ƙasar Bici, ina kuma da ɗan tebur a ƙofar gida inda nake sayar da sabulu da ashana da gishiri da alawa. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi mini uzuri. Na rubuta ne saboda iyaye irina, masu cewa haƙorin yaro ba abin damuwa ba ne tunda zai faɗi wani ya fito. Ni ma haka na ce. Na faɗa ba sau ɗaya ba, kuma da dariya na faɗa.

Ummi ce ta uku a 'ya'yana, ita kaɗai ce mace. Sunan mahaifiyata na sa mata, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidanmu. Kowa Ummi yake ce mata, ni kuwa Uwata nake cewa. Duk wanda ya san yadda muke da mai sunan uwa ya san ba a yi mata tsawa, ba a hana ta abu. Tun tana tatata take fitowa wajen teburina ta miƙo hannu, ni kuma in buɗe gwangwanin alawa. Yayyenta maza biyu suna ƙwace mata, sai ta samo dabara: ta cusa alawar can cikin kuncinta na hagu, ba ta tauna ba, ba ta tsotsa, ta bar ta nan tana narkewa a hankali. Tana ce mata "ajiyata". Da ita take wasa, da ita take barci. In abokaina sun zo hira nakan kira ta in ce, "Uwata, nuna musu ajiya," ta turo kunci, mu yi ta dariya.

Mahaifiyarta Saude ba ta taɓa yin dariyar nan ba.

"Malam, yarinyar nan fa da alawa take kwana a baki."

"To mene ne? Uwata ce, a teburin ɗanta take ci."

"Uwar taka ni da asuwaki na san ta. Har ta koma ga Allah ba ta rasa haƙori ko ɗaya ba."

Na ce mata ta cika mita.

Farkon daminar da Ummi ta shiga shekara ta shida ne ta fara ƙin ruwan randa. In ta kurɓa sai ta runtse ido ta dafe kunci. Tuwo kuma ta koma tauna shi ta dama kawai. Wata safiya Saude ta tare ni zan fita gona, ta zaunar da yarinyar a rana ta ce ta buɗe baki. Na leƙa. A jikin haƙorin tauna na ƙasa, daidai inda take ajiyarta, akwai ɗan baƙi kamar ƙwayar gero. Na gan shi sarai, idona biyu.

"A kai ta a duba," in ji Saude.

"A duba me? Ta kusa famfara. Duk waɗannan zubewa za su yi, sababbi su fito. Wa ya taɓa kai haƙorin yaro asibiti a garin nan?"

Na saɓi fartanyata na tafi. Da yamma da ta fito wajen tebur na ba ta alawa.

Bayan 'yan makonni ƙwayar geron ta zama rami, ciwo ya fara sosai. Mun bi duk abin da ake bi. An daka kanumfari an cusa a ramin. An yi mata ruwan ɗumi da gishiri. Na sayo maganin ruwa a kemis, in ta sha ta samu sauƙi na rabin yini, ciwon ya dawo. Ranar kasuwar Bici na ɗauke ta a babur na kai ta wajen wani mai magani da ke shela da lasifika, wai yana fitar da tsutsar haƙori. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, ya sa ta buɗe baki hayaƙin yana shiga. Tana tari tana hawaye, ni ina riƙe da kanta. Da ya gama ya nuno mini wasu 'yan farare suna yawo a kwanon ruwa, ya ce ga tsutsotsin nan sun fito. Na biya shi har da godiya. Sai daga baya aka gaya mini cikin 'ya'yan itacen ne ke fashewa ya fito haka in ya ji wuta. Allah ya isa tsakanina da shi. Amma ni na kai masa ita da ƙafata.

Mako bai zagayo ba kuncin ya kumbura. Matan maƙwabta suka ce hangum ne, ciwon nan da ke kumbura wa yara gefen fuska ya warke da kansa. Aka ɓanɓaro gidan zanzaro daga bango, aka jiƙa ƙasar aka shafa mata, kamar yadda ake yi. Saude ta ce ita ba ta yarda ba, hangum a ƙasan kunne yake tsayawa, kuma yakan bi yara ne a jere, ga shi ba wanda ya kamu a unguwar sai Ummi. Kwana biyu kumburin ya sauko har muƙamuƙi, ya yi tauri yana sheƙi, jikinta ya ɗau zafi. A nan na yarda mu je ɗakin shan magani da ke ƙauyen gaba da mu.

Baffa Tanko ya ce zai raka mu. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun mahaifina ya rasu, shi ya yi mini aure, gonar da nake nomawa ma shi ya yanka mini. Ban taɓa yi masa musu ba tun da na yi wayo.

Malamin asibitin saurayi ne, shi kaɗai ne a wurin. Ya wanke ƙasar zanzaron da auduga, ya haska bakinta da fitilar waya iya yadda ya buɗu, ya girgiza kai.

"Wannan ba hangum ba ne. Haƙori ne ya ruɓe ya tara ruwa. Ni ba ni da kayan cire haƙori, ba ma aikina ba ne. Zan fara yi mata allura kumburin ya sauka, sannan ku kai ta wajen likitan haƙori. Kada ku wuce makon nan."

Ya juya yana haɗa allura. Baffa ya matso ya ɗora bayan hannunsa a kuncin Ummi, ya daɗe, sannan ya yafito ni waje. Muka tsaya gindin darbejiya.

"Isuhu, daji ne wannan."

"Baffa, ya ce haƙori ne."

"Yaron nan yaushe aka haife shi? Ka ga taurin, ka ga sheƙin? Daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe. Allura na shiga jikinta zai bazu. Ka manta Ɗanjuma mai shayi? Kumburi ne kawai a ƙafa, aka yi masa allura, ƙafar tana ina yau? In ka bari aka soka wa mai sunan uwarka Habiba ƙarfe, ba da yawuna ba."

Haka aka yi imani a wajenmu: kumburin da ya yi tauri da zafi ana ce masa daji, kuma ba a kusantarsa da allura ko wuƙa, sai saiwa da shafe-shafe. Na tashi ina jin haka. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka. Ba tsoron daji kaɗai ya mayar da ni cikin ɗakin nan ba. Da Baffa ya yi maganar, wani sanyi na ji a raina. Lokacin maimai ne, ciyawa ta taso, ga batun zuwa birni da kuɗin mota da na likita. Maganar Baffa ta sauke mini duk wannan, ta kuma ba ni abin fakewa.

Na shiga na tarar ya riga ya zuƙi maganin, Saude ta kwantar da Ummi a cinyarta ta ɗage mata riga. Na sa hannu na ɗauke yarinyar.

"Malam, lafiya?" in ji malamin asibitin.

"Mun fasa."

"Ka yi wa Allah ka bari. Wallahi abin nan in ya shiga ƙashi, ba nan zai tsaya ba."

Saude ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, a bari ya yi mata."

Na ce, "Tashi mu tafi."

Ya biyo mu har bakin ƙofa da allurar a hannu. Ban waiwaya ba.

A gida Baffa ya kawo saiwoyi aka daka aka kwaɓa, ana shafawa safe da yamma. An yi mata rubutu ta sha, an yi addu'o'i, wannan kam ba na kuka da shi, don addu'a ba ta taɓa hana kowa zuwa asibiti ba, ni na hana. Bakin ya ƙi buɗuwa sai kaɗan. Kunu ake tsinkawa a ɗura mata da ƙaramin cokali ta gefen dama. Ta daina kuka mai ƙarfi, sai nishi. Saude ta daina yi mini magana sai abin da ya zama dole: ga abinci, ga ruwan wanka.

Ana nan sai kumburin ya fashe ta ƙasan muƙamuƙi. Mugunya ta yi ta zuba, har zane biyu aka canza. Zazzaɓin ya sauka, fuskar ta saɓe, washegari ta nemi fura da bakinta. Gida ya cika da 'yan barka. Baffa ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, yana cewa, "Da an bi ta yaron nan mai allura da yanzu ana zaman makoki." Na sa aka soya waina aka yi sadaka. Na shiga ɗaki na ce wa Saude, "To, kin gani?" Ta dube ni ta kau da kai.

Ramin da ya fashe bai rufe ba. Mako ya wuce, wani ya wuce, kullum yana tsattsafo da ruwa. Ya fara wari, irin warin da in ka shiga ɗaki za ka san tana ciki. Ƙuda ya dame ta, sai da Saude ta riƙa ɗaura mata ƙyalle. Mun mayar da ita Islamiyya, kwana biyu ta ƙi komawa, ashe yara ne ke matsawa daga tabarmar su bar ta ita kaɗai. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta daina fitowa wajen tebur. Ni kuwa ina ta faɗa wa kaina dafin ne ke ƙarasa fita.

Wata rana da hantsi ina tebur Saude ta leƙo zaure ta kira ni, abin da ba ta saba ba. Na shiga. Ta buɗe tafin hannunta. Wani ɗan abu ne mai launin toka, kamar ɓallin tsohuwar ƙwarya.

"Mene ne wannan?"

"Ina wanke mata ciwon ya fito. Ƙashin 'yarka ne."

Ta rufe tafin hannunta, ta ci gaba.

"Gobe zan kai ta asibiti. Ina neman izininka saboda Allah ya ce in nema. In ka hana zan tafi, in na dawo ka yi duk abin da za ka yi da ni."

Shekara fiye da goma da aurenmu, ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Ban je na gaya wa Baffa ba. Da sassafe muka fita ta bayan gari kamar masu laifi.

Asibitin gwamnati mafi kusa da mu muka fara zuwa. Akwai ƙofa da aka zana haƙori a jikinta, a kulle. Aka ce likitan ba kullum yake zuwa ba, mu dawo wani makon. Muka koma gida da ita haka, muka dawo ranar da aka ce. Mun same shi, ga kujerar aiki, amma babu wuta, kuma ya ce ko da akwai wuta wannan ya fi ƙarfin wurin. Ya rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a birni. Mutumin kirki ne, har ya ba Ummi haƙuri. Sai dai mako guda ya tafi a banza wajen jiran a gaya mana mu yi gaba.

A Kano muka sauka gidan yayata Larai a Bacirawa. Ɗaki biyu gare su da yara shida, ta kwashe yaran ta ba mu ɗaya. Da ta kwance ƙyallen ta ga wuyan Ummi sai ta yi salati ta juyo kaina.

"Isuhu, kana da rai aka yi wannan? Mai sunan Inna? Da Inna na nan da ka sha mari, wallahi, da gemunka da komai."

Mijinta Malam Ado direban adaidaita sahu ne. Shi ya riƙa kai mu asibiti kullum kafin ya fara aiki, bai taɓa karɓar ko kuɗin mai ba. Allah ya saka masa da Aljanna.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti da yaro marar lafiya ba, ba zai gane ba. Layin yankar kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin ganin likita daban, kuma kowanne a wani gini yake. Ranar farko kafin mu gama na biyu aka ce an rufe karɓar mutane, mu dawo gobe. Na tsaya tambayar wani mai gadi inda za mu bi, ya ce, "Kai baƙauye, ba ka iya karatu ba ne? Ga shi nan a rubuce." Da Turanci aka rubuta. A kan bencin jira na ga abin da ban zata ba: ba mu kaɗai ba ne. Yara ne birjik da kumburarren kunci, wasu an ɗaure musu fuska da ɗankwali, kusan duka daga ƙauye. Wata mata daga wajen Gezawa ta ce wa Saude zuwanta na uku ke nan da ɗanta, har yanzu ba a cire haƙorin ba. Da muka samu shiga aka ce sai an yi hoton muƙamuƙi, na'urar asibitin kuma ta lalace, sai a waje. A makon nan na aika gida aka sayar da tunkiyar Saude. Mako na gaba buhun gyaɗar da na ajiye don iri ya bi ta. Gona kuwa na bar wa ciyawa. Abin da na guje wa a gindin darbejiya, na biya shi ninki-ninki, har da abin da kuɗi ba ya saya.

Likitar da ta duba hoton mace ce, ba ta kai Saude shekaru ba. Ta ɗaga hoton a jikin haske ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Me ya sa sai yanzu? Ba a taɓa kai ta asibiti ba?"

Na sunkuyar da kai. Saude ce ta amsa.

"An kai ta, likita. Allah ne bai yi ba."

Da zagina ta yi a gaban likitar da ya fi mini sauƙi. Na ɗago na ce, "Ba haka ba ne. An zuƙi allura za a yi mata, ni na ɗauke ta. An ce mini daji ne."

Likitar ta ajiye numfashi. Ba ta yi mini faɗa ba, da alama ta gaji da jin wannan maganar.

"Baba, sana'arka me?"

"Noma."

"To matso ka gani. Ka ga waɗannan 'yan farare da ke kwance a ƙarƙashin haƙoranta? Su ne haƙoran girma. Tun tana jaririya suke nan cikin ƙashi, kamar iri a ƙasa, suna jiran lokacinsu. Dubi dama, ga su nan lafiya. Yanzu dubi hagu."

Na duba. Wurin ya yi duhu-duhu, kamar gara ta ci.

"Ƙashin nan ya mutu, dole a buɗe a cire shi. Irin da ke cikinsa ya ruɓe."

"Amma wasu za su fito daga baya?"

"Sau biyu Allah yake ba mutum haƙori. Na farkon ya lalace, ya tafi da na biyun. Da an yi allurar nan an cire haƙori ɗaya, da tuni ta manta an yi."

Irin ya ruɓe. Ba kalmar da ta zauna mini kamar wannan. Ni da na san in iri ya ruɓe a rami, ko ruwan duniya za a yi ba abin da zai tsiro.

Na ɗauki laifina, ban rage ko kaɗan ba. Amma ni ma ina da tambaya, in akwai mai amsawa. Ana bin mu gida-gida ana ɗiga wa yara maganin rigakafi, mun gode. Lokacin zaɓe ana gane hanyar ƙauyenmu ko da motar za ta kafe a yashi. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce wa yaro buɗe bakinka in gani ba, ko a makaranta, ko a ɗakin shan magani, ko a wajen awon ciki. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai iri a ƙarƙashin haƙorin yaro. Mai lasifika da kwanon tsutsa yana kasuwa duk mako, likitan haƙori kuwa sai ka hau mota biyu, ka same shi ko kada ka same shi. Sannan in ka iso a tambaye ka me ya sa sai yanzu.

An sa mana ranar aiki, aka ɗaga, aka sake sawa. An ce a kawo jini, na bayar, Malam Ado ma ya bayar. Magani kusan duka a waje muka saya. Saude tana kwana a tabarma gefen gadon Ummi, ni ina waje tare da sauran maza masu jinya. Akwai wata nas mai ƙiba da ke kiran Ummi "kakata", ita ce kaɗai ke iya yi mata allura ba ta yi kuka ba, ban ma san sunanta ba, Allah ya san ta. Safe da yamma ana soka mata ƙarfen da aka ce zai kashe ta, ina tsaye ina kallon warin yana tafiya, idonta yana washewa. Bayan an yi aikin, ranar da aka kwance bandeji ta sa harshe ta lalubi wurin, ta dube ni, maganarta ba ta fita sosai.

"Baba, sun cire mini wajen ajiyata."

Na fita waje.

Sai da aka fara yankan gero muka dawo gida. Abin da na samu a gonata bai kai mu rani ba. Baffa Tanko ya zo duba ta, ya kama haɓarta ya juya, ya kalli tabon ɗinkin, ya ce, "Ai da ma maganinmu ya riga ya kashe dajin. Su gawarsa kawai suka kwashe." Na durƙusa a gabansa ina jin maganar tana tafasa a ƙirjina, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haka ne, Baffa." Wannan ma na rubuta shi cikin laifuffukana.

Ummi ta warke, alhamdu lillahi. Tana ci, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Kuncinta na hagu ya ɗan faɗa ciki, akwai tabo a ƙasan muƙamuƙi, kuma daga gefen haƙoran gaba har can ciki babu komai sai dasashi. Likita ta ce in ta girma ana iya sa mata na roba, ga mai hali. Har yau ina sayar da alawa, don ita ce ta fi fita a teburin, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai duk yaron da ya saya nakan ce ya kurkure baki in ya gama, kada ya kwana da ita. Iyayensu suna ce mini likitan tebur, suna dariya, irin dariyar da na yi. Ni dai roƙona, wanda ya ga baƙi a haƙorin ɗansa ko da ƙwayar gero ne, ya nemi mai dubawa tun yana ƙwayar gero. In kunci ya kumbura, a bari a yi allurar, ko wa ya hana.

Bana ta yi famfara. Haƙoranta na gaba suka zube, ta jefa su kan rufin ɗaki kamar yadda yara ke yi, sababbi suka fito farare. Ta yi ta murna, tana zaton saura na gefe. A wajenmu ana gaya wa yara kada su bari ƙadangare ya ga giɓinsu, in ya gani haƙorin ba zai fito ba. Da na gefen suka ƙi fitowa, yayyenta suka ce mata ai ƙadangare ne ya gani. Ta yarda. Tun daga nan in ta hangi ƙadangare a katanga sai ta rufe baki da hannu ta wuce da sauri. Takan tambaye ni, "Baba, yaushe nawa za su fito?" in ce mata sai a hankali. Saude ta ce, "Ni ba zan gaya mata ba. Ba ni na ɗauke ta daga cinyata ba."

Rannan na dawo daga gona da la'asar na same ta a gindin rumbu, hannu ɗaya a baki, ɗaya da dutse, tana fakon wani jan-gwada da ke kan katanga yana gyaɗa kai.

"Uwata, me ya yi miki?"

Ta yi magana ta cikin yatsu. "Shi ne ya gani. Kullum yana nan. In na kashe shi za su fito."

Na ajiye fartanya na tsuguna a gabanta. Na karɓi dutsen.

"Ba za su fito ba, Uwata. Ko kin kashe shi."

Ta zuba mini ido.

"Ba ƙadangare ba ne ya gani. Ni ne. Innarki ta nuna mini tun yana ɗan baƙi ƙarami, na gani da idona, na tafi gona. Da za a yi miki allura kuma ni na ɗauke ki. Ki yafe mini."

Ta sauke hannunta. Ta dubi ƙadangaren, ta dube ni, ta daɗe tana tunani irin nasu na yara.

"Kai ka gani?"

"Ni na gani."

Sai ta ɗaga hannun a hankali ta mayar da shi kan bakinta, ta kewaye ni ta shige ɗakin uwarta.

Ta daina jifan ƙadangaru. Tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa in na dawo, wani lokaci har ta zauna kusa da ni a tebur. Ina jin dariyarta a tsakar gida da yayyenta, baki buɗe. Amma in na shigo, ko tana tsakiyar dariyar, hannun nan sai ya tashi.